Ciko Ba Juye Ba Ne: Yadda Sakaci Da Man Inji Ke Karya Jarin 'Yan Zango

Duk wanda ya saba zagayawa cikin zangunanmu, ko Nima da Mamobi da Sabon Zango a Ankara, ko Aboabo da Asawase a Kumasi, ba zai rasa ganin wata mota da aka jingine a bakin lungu ba, an cire tayoyinta an ɗora ta kan bulo, ƙura ta rufe gilashinta, awaki suna kwana a ƙarƙashinta. In ka duba jikinta, sau da yawa ba za ka ga alamar haɗari ba. Ba ta yi karo ba, ba ta faɗa rami ba. Ka tambayi maƙwabta, amsar ɗaya ce: inji ne ya buga, mai ita kuwa ba shi da halin gyarawa.

A wurin mafi yawanmu mota jari ce. Wani ya shekara goma a Turai ko Amurka yana shan sanyi kafin ya aiko wa gida da tasi guda. Wata hajiya adashin shekaru ta kwashe ta sayi trotro. Wani saurayi bashi ya ci ya karɓi ƙaramar mota yana aikin Uber ko Bolt, wani kuma keken nan mai ƙafa uku da muke kira pragya. Daga wannan mota ake cefane, daga ita ake biyan kuɗin makarantar yara da kuɗin haya. Ranar da ta tsaya, tukunyar gida biyu ko uku ce ta sauka daga murhu, domin akwai mai mota, akwai direba, akwai kuma yaron mota.

Abin takaici shi ne, da yawa daga cikin injunan nan ba tsufa ne ya kashe su ba. Abin da ya kashe su wata ɗabi'a ce da ta zama ruwan dare a tashoshinmu: a zare sandar awon mai, a ga ya ragu, a sayi lita ɗaya a zuba, a rufe bonet a ce an gama. Wannan shi ne ciko. Juye kuwa shi ne a kwance ƙasan inji a zubar da tsohon man gaba ɗaya, a cire matatar mai a sa sabuwa, sannan a zuba sabon mai daidai ma'auni. Tsakanin waɗannan abubuwa biyu nan ne ran inji yake.

AIKIN DA MAI KE YI A CIKIN INJI

Bari mu fara da ɗan lissafi. Idan mota tana tafiya allurar inji tana kan 3,000, ma'anarsa sandar nan da ke juyawa a cikin inji, wadda makanikai ke kira kuransha, tana zagayawa sau 3,000 a minti ɗaya, wato sau 50 a daƙiƙa guda. Kowane fistin yana hawa ya sauka sau 50 kafin mai karatu ya ƙifta ido sau biyu. Ratar da ke tsakanin wannan sanda da ƙarafan da take kwance a kansu, waɗanda ake kira metal, ba ta kai kaurin silin gashi ba. Abin da ke hana ƙarfe ya ci ƙarfe a wannan ɗan tsukin wuri shi ne siririn shimfiɗin mai, wanda famfo ke turowa da ƙarfi daga tukunyar da ke ƙasan inji.

Santsi shi ne aikin mai na farko, amma akwai sauran. Na biyu, yana ɗauke zafi. Ruwan lagireto ba ya kaiwa ƙarƙashin fistin, ba ya kuma kaiwa ga metal. Mai ne ke zuwa can ya kwaso zafin ya sauko da shi. Na uku, yana wanki. A cikin kowane man inji na kirki akwai sinadarai masu kama da sabulu, waɗanda ke riƙe baƙin hayaƙi da garin ƙarfe su hana su mannewa, har su kai su ga matata ko kuma su fita tare da man ranar juye. Na huɗu, yana toshe ɗan ratar da ke tsakanin ringi da bangon silinda don kada ƙarfin inji ya tsiyaye. Na biyar, yana kashe tsami, yana hana tsatsa.

Duk wannan aiki, a ƙaramar mota, mai lita huɗu ne ko biyar ke yin sa, cikin zafin da ya kai na tafasasshen ruwa, wani lokaci har ya zarce.

YADDA MAI KE TSUFA

Mai ba ya tsufa dare ɗaya. Abu na farko da ke cin sa shi ne zafi da iska. Kamar yadda man suyan ƙosai ke yin duhu, ya yi kauri, ya yi ɗanƙo in an yi ta maimaita shi a kasko, haka man inji yake. Masana sun nuna cewa duk lokacin da zafin mai ya ƙaru da digiri 10, saurin lalacewarsa kan kusa ninkawa. Shi ya sa motar da fankarta ba ta aiki sosai, ko lagiretonta ya toshe, take cinye manta da wuri.

Na biyu shi ne abin da ke sulalowa daga ɗakin ƙonewa. Ba injin da ringinsa ke rufewa ruf. Kullum akwai ɗan hayaƙi da ɗanyen fetur ko gas da ke zamewa su gangara cikin mai. Akwai kuma ruwa, wanda mutane da yawa ba su sani ba: duk lita ɗaya ta fetur da inji ya ƙona tana haifar da ruwa kimanin lita ɗaya. Mafi yawansa yana fita ta salansa a matsayin tururi, amma kaɗan yana shiga mai. In mota ta yi doguwar tafiya ta yi zafi sosai, ruwan kan ƙafe. In kuwa 'yar gajeriyar tafiya ce kullum, daga gida zuwa kasuwa a kashe, ruwan yana nan yana taruwa.

Na uku tsami ne. Farar wutar da ke cikin man gas, in ta ƙone ta haɗu da ruwa, tsami take zama mai cin ƙarfe. A shekarar 2017 ƙasar nan ta rage yawan farar wutar da aka yarda a samu cikin man da ake shigowa da shi, daga kashi 3,000 cikin miliyan zuwa 50. Wannan ci gaba ne babba, kuma injuna sun samu sauƙi. Sai dai sinadaran da ke kashe tsami a cikin mai har yanzu ƙarewa suke yi, kamar yadda sabulu ke ƙarewa a hannun mai wanki.

To a nan ne kuskuren mai ciko yake. Lita ɗayar da ya zuba za ta ɗaga man ya kai alama, ta kuma ɗan farfaɗo da shi, amma ko ƙwayar datti ɗaya ba ta fitar ba. Ya yi daidai da matar da ruwan wankinta ya yi baƙi ƙirin, maimakon ta zubar ta ɗebo sabo, sai ta ƙara kofi ɗaya a kai ta ci gaba da tsoma fararen kaya.

Haka kuma ido da yatsa ba sa gane lafiyar mai. Direbobi da yawa sukan murza shi tsakanin yatsu biyu su ce ai da sauransa. Man injin gas kan yi baƙi cikin 'yan kwanaki, kuma wannan alama ce cewa yana aikin wankinsa. Wani man kuma zai yi haske alhali ya cika da fetur, ya tsinke, ƙarfinsa ya tafi. Abin dogaro kawai shi ne lissafin kilomita da na watanni.

MATAKAN LALACEWA

Inji ba ya mutuwa sai ya yi jinya, sai dai jinyar tasa a ɓoye take. Da farko dai matatar mai ce ke cika. Masu ƙira sun sa mata wata 'yar ƙofa da ke buɗewa in ta toshe, don kada inji ya rasa mai gaba ɗaya. Daga ranar da ƙofar nan ta buɗe, man yana zagayawa ne ba tare da tacewa ba, da yashinsa da garin ƙarfensa, yana goge cikin inji kamar sanfefa. Direba kuwa ba zai ji komai ba.

Daga nan sai mai ya fara daskarewa ya zama wani baƙin taɓo mai kama da kwalta. Taɓon nan yana kwanciya a saman inji, yana cika ƙananan hanyoyin mai. Ringi sai ya manne a raminsa ya daina buɗewa. Alamar da za a gani ita ce shuɗin hayaƙi daga salansa, fulogi yana yawan jiƙewa, mota ta rage ƙarfi a kan tudu, shan fetur ya ƙaru, shan mai ma ya ƙaru. Mai mota sai ya ƙara yawan ciko, yana ganin dabara yake yi, alhali ciwon yake rufewa.

Motocin zamani sun fi na da rauni ta wannan fanni. Tsofaffin Benz 207 da Peugeot 504 da iyayenmu suka tuƙa suna da haƙuri da wulakanci. Na yanzu kuwa, na'urar da ke daidaita lokacin buɗe bawul da ƙarfin mai take aiki, ta cikin ramuka ƙanana. Abin da ke ɗaure sarƙar inji ma da mai yake aiki, shi ya sa ake jin kacau-kacau da safe in man ya lalace. Motar da ke da tabo kuwa, irin su Sprinter, ƙaramar fankar cikinsa tana juyawa fiye da sau 100,000 a minti, kuma in mai ya yanke mata na ɗan lokaci kaɗan ta tafi ke nan.

Mataki na ƙarshe shi ne taɓon ya toshe rariyar da famfo ke zuƙo mai ta cikinta. Ƙarfin mai sai ya faɗi, metal ya bushe, ya yi zafi, ya narke. A nan ne ake jin ƙwanƙwasa daga ƙasan inji. In aka ci gaba da tafiya, ko inji ya ƙame cik, ko sandar fistin ta karye ta fasa bangon inji ta fito waje.

Ya kamata kowane direba ya san cewa jar fitilar nan mai siffar butar mai ba tunatarwa take yi cewa lokacin juye ya yi ba. In ta kama ana cikin tafiya, tana nufin ƙarfin mai ya riga ya faɗi. Abin yi shi ne a gangara gefe a kashe inji nan take. Wanda ya ce bari ya lallaɓa ya kai tasha, to sau da yawa a wannan 'yar lallaɓawar ce gyaran yini guda ke komawa sauke inji. Akwai ma masu cire ƙwan fitilar ko su manna mata takarda don kada fasinja ko mai saye ya gani. Wannan kam ha'inci ne.

Haɗarin ba a aljihu kaɗai ya tsaya ba. Motar da injinta ya mutu tana cikin gudu, sitiyarinta kan yi nauyi, birki kuma kan yi tauri bayan taku ɗaya ko biyu. A tuna da trotro cike da mutane tana ƙoƙarin wuce tirela a hanyar Ankara zuwa Kumasi, ko motar da ta mace da tsakar dare a kan kwana babu fitila. Allah Ya kiyaye.

DARASI DAGA AMURKA

Kada a ɗauka wannan ciwo namu ne mu kaɗai. A Amurka an yi wata babbar shari'a a kan daskarewar mai a cikin inji, wadda ta shafi motocin Toyota da Lexus kimanin miliyan 3.5, ƙirar 1997 zuwa 2002, har aka yi sulhu a shekarar 2007. Masu motoci sun ce laifin ƙirar injin ne, kamfanin kuma ya ce rashin juye a kan lokaci ne. Abin lura a gare mu shi ne, ko a ƙasar da ke da kwalta ko'ina da mai na gaske, har motocin da suka yi suna wajen ƙarko ba su tsira daga wannan taɓo ba.

Mu kuma mafi yawan motocinmu na hannu ne, waɗanda suka gama aiki a Amurka da Turai da Koriya da Japan kafin a sauke su a tashar jirgin ruwa ta Tema. Ba mu san yadda masu su na farko suka riƙe su ba, lambar kilomitar da ke jikinsu ma ba kullum take faɗin gaskiya ba. Saboda haka wanda ya sayi mota, abu na farko kafin walima shi ne juye. Kafin ya biya kuɗi kuma, ya buɗe murfin zuba mai ya haska tocila. In ya ga baƙin taɓo manne a ciki, ya san abin da zai saya. In ya ga man ya yi fari-fari kamar shayi da madara, ruwa ne ke haɗuwa da shi, wannan kuwa wani ciwo ne dabam da ke bukatar makanike nan da nan.

ƘA'IDAR TURAI DA HANYOYINMU

Wasu masu ilimin cikinmu sukan kafa hujja da littafin mota, su ce ai an rubuta kilomita 10,000 ko 15,000, ko shekara guda. Gaskiya ne an rubuta. Amma in suka buɗe shafi na gaba za su tarar da jadawali na biyu, na motar da ke aiki cikin wahala, inda galibi ake raba wancan adadi biyu. Me masu ƙira ke kira wahala? Hanya mai ƙura, zafi mai tsanani, tsayuwa da tashi cikin cunkoso, barin inji yana aiki mota na tsaye, gajerun tafiye-tafiye, ɗaukar kaya masu nauyi, da aikin tasi. Mai karatu ya duba da kyau, wanne ne babu a nan ƙasar?

Ɗauki ƙura kawai. Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar hunturu na kwaso ƙura daga Sahara ta lulluɓe ƙasar, musamman Arewa. Wanda ke bin hanyoyin ƙauye kuwa, hunturunsa ba ya ƙarewa sai damina ta sauka. Wannan ƙura garin yashi ce, kuma in ta wuce matatar iska ta shiga mai, ita ce ke cinye ringi da silinda. Yawan busa matatar iska da iskar famfon faci yana huda ta, cire ta gaba ɗaya kuwa kisan kai ne ga inji.

Ɗauki cunkoso kuma. Motar da ta yi awa guda a Kejetia ko Kaneshie ko hanyar Kasoa tana ja da ƙyar, injinta bai huta ba ko na daƙiƙa, man yana dahuwa, amma agogon kilomita bai ƙirga komai ba sai kaɗan. Shi ya sa lissafin kilomita kaɗai ke yaudarar direban cikin gari.

Ga wanda ke zuba man da aka saba, kilomita 5,000 ko wata shida, duk wanda ya riga zuwa, ma'auni ne mai aminci. Man nan mai tsada da ake haɗawa a masana'anta ya fi jure zafi, yana kuma iya zarce haka, amma ba ya hana ƙura shiga. To yaya kilomita 5,000 take a aikace? Daga Ankara zuwa Kumasi kimanin kilomita 250 ne, zuwa da dawowa 500, wato sawu goma ke nan. Daga Kumasi zuwa Tamale kimanin 380 ne, wato sawu na bakwai bai kamata ya cika ba sai an yi juye. Tasin da ke cin kilomita 150 a yini, cikin kwana 33 ta cika adadin. Ashe direban haya da ke cewa ai wata uku kacal ke nan da ya yi juye, ya ninka ƙa'ida sau biyu ko uku bai sani ba.

A kula kuma da motocin Amurka, domin agogonsu da mil yake ƙirga. Mil ɗaya kilomita 1.6 ne, saboda haka kilomita 5,000 kimanin mil 3,100 ke nan. Wanda ya jira agogo ya nuna 5,000, ya riga ya yi kilomita 8,000.

Masu babur da pragya su ma maganar ta shafe su, har ma ta fi. Mansu bai wuce lita ɗaya ko ɗaya da 'yan kai ba, iska ce ke sanyaya mafi yawansu, kuma a babur man guda ne ke hidimar inji da giya da kuloci. Tazarar juyensu ta fi ta mota gajarta nesa ba kusa ba.

WA ZAI BIYA?

A ganina, tushen matsalar a motocin haya ya fi ƙarfin jahilci. Direbobinmu sun san amfanin juye. Abin da ke faruwa shi ne mota tana da iyaye biyu, kowa na jiran ɗan'uwansa. Mai mota ya yanka wa direba kuɗin da zai kawo kullum, ko an samu ko ba a samu ba. Direba ya sayi fetur, ya biya tikitin tasha, ya sallami yaron mota, abin da ya rage shi ne na cefanensa. Ranar juye kuwa asara biyu ce a wurinsa, ga kuɗin mai ga rabin yini ba aiki. Shi kuma mai mota, da kuɗin ya shigo hannunsa sai hidima ta cinye, biki ne, suna ne, rasuwa ce. Haka za a yi ta ɗagawa, mako ya zama wata.

Ko a tsarin nan da direba ke biya kaɗan-kaɗan har motar ta zama tasa, akan ga mutum yana ta haƙilon cika biya yana hana inji haƙƙinsa, ranar da aka miƙa masa takardu sai ya tarar gawa ya gada.

In inji ya buga kuma, sai zumunci ya biyo bayansa. Da yawa daga cikin direbobin nan ƙannen masu motar ne, ko 'ya'yan 'yan'uwa, ko surukai. Wanda ke ƙasar waje ya ce an ci amanarsa, na gida ya ce ba a bar masa kuɗin gyara ba. Maganar da galan ɗaya na mai zai kashe, sai ta kai gaban liman ko sarkin zango.

Maganin wannan ba shi da wuya. Tun ranar da za a miƙa makulli a zauna gaban shaidu a rubuta wanda zai biya kuɗin juye da lokacin yin sa. A riƙa ware wani abu daga kuɗin kowace rana a ajiye shi dabam, kamar yadda ake zubin adashi. A yafe wa direba kuɗin rabin yinin da ya kai mota gareji. A ajiye ɗan littafi a cikin mota, a rubuta kwanan wata da lambar kilomita da irin man da aka zuba. Wanda ke shakkar ribar wannan, ya je Abossey Okai a Ankara, ko Magazin ta Suame a Kumasi, wadda tun shekarun 1930 take tara masu gyaran mota, ya tambayi kuɗin inji na hannu da ladan ɗora shi. Ya haɗa da kuɗin makonnin da mota za ta yi a kwance, sannan ya raba da kuɗin juye ɗaya. Amsar da zai samu ta fi duk wani wa'azi.

WANE MAI ZA A ZUBA?

A jikin kowane galan akwai lambobi irin su 20W-50, 15W-40, 5W-30 ko 0W-20. Lambar farko tana nuna saurin gudun man in inji na sanyi, ta biyu kuma kaurinsa in ya yi zafi. Akwai wata fahimta a garejinmu cewa ƙasarmu da zafi, saboda haka kowace mota a ɗura mata mai kauri. Ga tsohuwar mota wannan na iya dacewa. Ga injin zamani da aka ƙera da matsattsun hanyoyi don siririn mai, mai kauri yana jinkirin isa sama da safe, lokacin da inji ya fi bukatarsa. A bi abin da aka rubuta a littafin mota ko a murfin zuba mai.

Akwai kuma haruffan API. Wanda ya fara da S, kamar SN ko SP, na injin fetur ne. Wanda ya fara da C, kamar CI-4, na injin gas ne.

Sai a yi hattara da man da ake aunawa a kwalba a bakin titi, da galan mai arha fiye da kima. Akwai marasa tsoron Allah da ke tace tsohon mai su ɗura a galan mai kyau. Araha ba ta ado. A saya a gidan mai ko wurin dillalin da aka sani, a duba hatimin murfi, a tsaya a buɗe shi a gaban ido, a kuma huda galan ɗin bayan an gama don kada a sake cika shi. Kada a yi juye a bar tsohuwar matata, kada kuma a zuba mai ya wuce alama, domin yana kumfa ya fasa robobin da ke tare shi. Injin da taɓo ya riga ya yi masa yawa, zuba masa gas ko kananzir a tayar da shi da sunan wanki na iya ɓamɓaro taɓon ya toshe rariya gaba ɗaya. Gara a kwance tukunyar ƙasa a wanke ta da hannu.

INA ZA A KAI TSOHON MAI?

Bayan juye akwai sauran nauyi. Baƙin man da aka fitar yana ɗauke da guba, kuma gwajin da aka yi a kan dabbobi ya nuna yawan taɓa fata da shi na iya jawo ciwon daji. Yaranmu masu koyon aiki a gareji suna yini hannu dumu-dumu a cikinsa, su ci abinci ba su wanke da sabulu ba. Wasu na shafa shi a ƙurajen dabbobi, wasu na zuba shi a masai ko kwata. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa man juye ɗaya na iya gurɓata ruwa galan miliyan ɗaya. Abin da aka zuba a kwatar Nima, kogin Odaw zai bi ya faɗa teku inda ake kamo kifin da muke ci. Wanda aka zuba a ƙasa kuwa, rijiyar maƙwabci zai nufa. A shekarar 2016 an kafa doka mai lamba 917 a kan shara mai haɗari a ƙasar nan. A tara tsohon mai a cikin jarka ko duro mai murfi, a miƙa wa masu karɓarsa.

KIRA

Ina kira ga shugabannin tashoshinmu da su sa maganar littafin juye cikin dokokin tasha, kamar yadda suke duba tikiti. Ina kira ga iyayen gidan gareji da su riƙa rubuta wa mai mota lambar juye na gaba a manna inda zai gani, su kuma gaya masa gaskiya ko da ba zai ji daɗi ba. Ga 'yan'uwa da ke aiko da motoci daga waje, ku riƙa tambayar littafin kafin ku tambayi ciniki. Ga direbobi kuma, motar da ke hannunku amana ce, haka rayukan da kuka ɗauka a cikinta. Zare sandar awon mai kowace safiya kafin a tayar da inji ba ya cin minti biyu.

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, kuma in kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya tsare mana dukiyoyinmu, Ya sa albarka a sana'o'inmu, Ya kai kowane matafiyi gida lafiya, amin.